Abin da Hannu Ke Iya Kaiwa: Nasiha Kan Farauta, Kamun Kifi da Amanar Ƙasa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da ruwa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya watsa dabbobi a cikinta, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowace. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Shekaru kaɗan da suka wuce, idan aka ce hutun ƙarshen mako a wurin mutanenmu na nan Ohayo, to ana nufin ziyara, ko walimar suna, ko zaman kallon ƙwallo. Yanzu al'amarin ya fara sauyawa. Da zarar ƙanƙara ta narke a watan Maris, sai ka ga samarinmu sun nufi kogin Maumee kusa da Toledo, inda kifin nan da ake kira walleye ke hawowa daga tafkin Erie domin ya zuba ƙwai. Idan kaka ta kama, wasu sun tanadi kwari da baka sun shiga daji neman barewa. Gidajen motsa jiki kuwa ba a magana, kusan kowane saurayi yana da katin shiga. Wannan abin farin ciki ne. Yaron da ya yini a bakin kogi tare da mahaifinsa ya fi wanda ya yini a ɗaki da waya a hannu samun lafiyar jiki da ta zuciya.

Ni sana'ata injiniyancin ruwa ce. Abin da zan kawo na fiƙihu a wannan nasiha bai wuce abin da duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya sani ba, fatawa kuwa ta malamanmu ce. Magana ɗaya nake so in isar: farauta da su halal ne, babu jayayya a kan haka, amma Allah Ya sanya su fagen jarrabawa, kuma jarrabawar a wurin da babu shaida ake yin ta.

Jarrabawa biyu a cikin Alƙur'ani

A aya ta 94 ta Suratul Ma'ida, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da muminai cewa zai gwada su da namun daji waɗanda za su matso kusa har hannu da mashi su iya cim musu, domin a bayyana wanda yake jin tsoronSa a ɓoye. Malaman tafsiri sun ambata cewa wannan ya faru a tafiyar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. Sahabbai suna cikin harami, farauta ta haramta gare su, sai ga namun daji da tsuntsaye suna kutsowa har cikin masaukinsu. Mutane ne matafiya, da yawansu maharba ne tun suna yara, ga nama yana kiwo a gabansu. Suka kame hannayensu.

Kishiyar wannan labari tana cikin Suratul A'araf, daga aya ta 163. Wasu mutanen wani gari na bakin teku an hana su su ranar Asabar. Sai ya zama ranar Asabar ɗin ce kifi ke tasowa jere a saman ruwa, sauran ranaku kuwa ya ɓace. Masu tafsiri suka ce dabara suka yi: su kafa taru ranar Juma'a, kifi ya faɗa ranar Asabar, su kwashe ranar Lahadi, sa'an nan su ce ai ba su taɓa ruwa ranar da aka hana ba. Ƙarshensu sananne ne ga duk mai karanta Alƙur'ani.

Ku dubi yadda jarrabawar take iri ɗaya a wuraren biyu. Abin da ake kwaɗayi yana kusa, an ɗora masa iyaka, kuma babu ɗan sanda. Abin da ya raba mutanen biyu shi ne abin da ke cikin ƙirji. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ruwan Maumee mai sanyi tun fitowar rana, ya cika adadin da doka ta ba shi, ga kuma kifi yana ta cin ƙugiya, ya san wannan jarrabawa da kansa. Haka ma wanda ya ga barewa ta fito fili bayan lokacin harbi ya wuce da minti biyar, ya waiga hagu da dama bai ga kowa ba.

Abin da ya sami wannan ƙasa da aka cire iyaka

Wani zai ce, kifi ɗaya ko biyu me za su rage wa tafki kamar Erie? Tarihin jihar da muke zaune a cikinta ya amsa wannan tambaya tun kafin a haife mu.

A ƙarni na 19 akwai wata irin tattabarar daji mai ƙaura a gabashin Amurka wadda masana suka ƙiyasta yawanta da biliyan 3 zuwa 5. Garkenta kan rufe rana ya yi sa'o'i yana wucewa. A 1857 aka kawo ƙudurin kare ta a majalisar dattawan Ohayo, kwamitin da ya duba shi ya ce tsuntsuwar ba ta bukatar kariya, domin yawanta ya wuce a ce farauta ta taɓa shi. Aka ci gaba da kama ta da taru, ana cika ganguna, ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane. Ranar 1 ga Satumba, 1914, ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati. Tsakanin maganar kwamitin da mutuwar tata shekara 57 ne kacal, bai kai tsawon ran mutum ɗaya ba. A aya ta 38 ta Suratul An'am Allah Ya gaya mana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. To ga al'umma guda an shafe ta daga doron ƙasa, kuma kowane maharbi a cikin waɗanda suka yi aikin yana ganin abin da ya ɗauka bai taka kara ya karya ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Tafkin Erie ya taɓa cika da wani shuɗin kifi ɗan'uwan walleye, wanda jiragen su suka riƙa kwasa har ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1950, aka kuma bayyana ƙarewarsa a 1983. Dazuzzukan da suka rufe kusan dukan Ohayo kafin zuwan Turawa an sare su har suka koma kamar kashi 10 cikin 100 na faɗin jihar a farkon ƙarni na 20. A daidai wannan lokacin barewa ta ƙare ƙaf a jihar.

Sai mutanen suka farga, suka ɗora wa kansu iyaka. Aka tsayar da lokacin farauta da adadin da kowa zai ɗauka, aka wajabta lasisi. A 1937 majalisar tarayya ta yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa ga kula da namun daji da mazauninsu, harajin da yake kashi 11 cikin 100 a kan bindigar farauta da harsashi. A 1950 aka yi makamanciyarta, dokar Dingell-Johnson, a kan kayan kamun kifi. Da aka sake buɗe farautar barewa a Ohayo a 1943, a ƙananan hukumomi uku kawai aka yarda, kuma barewa 168 aka harba. A 'yan shekarun nan ana harbin sama da 200,000 a shekara, garken kuma bai ƙare ba. Daji ya dawo ya rufe kusan kashi 30 cikin 100 na jihar.

Ke nan barewar da ɗan'uwanmu yake hange daga kan bishiya, wasu mutane ne suka kame hannunsu shekaru da dama suka bar masa ita. Abin kunya ne Musulmi, wanda littafinsa ya kira shi halifa a bayan ƙasa, ya zo ya ci gajiyar haƙurin wasu sa'an nan ya zama shi ne mai ɓarna.

Lasisi alkawari ne

Akwai masu cewa wannan dokar Nasara ce, Allah bai haramta kifi ba, don haka wanda ya tsallake ta bai yi zunubi ba, iyaka dai ya kiyayi kamu. Ina roƙon mai wannan ra'ayi ya buɗe farkon Suratul Ma'ida. Ayar farko ta fara da umartar muminai su cika alkawura, kuma a cikin ayar nan ɗaya aka ambaci hana farauta ga mai harami. Cika alkawari da kame hannu daga naman daji, a numfashi ɗaya aka saukar da su. Kowannenmu ya shigo ƙasar nan da takarda wadda ya sa wa hannu, ko biza, ko katin zama, ko rantsuwar zama ɗan ƙasa. Wanda ya sayi lasisin su ya ƙara wani alkawarin a kan na farko. Musulmi kuwa ba ya warware alkawari don wanda ya yi wa ba Musulmi ba ne.

Sa'an nan taƙaita halal saboda amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Shari'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, ya hana a yi kiwo a cikinta sai dabbobin maslahar Musulmi. Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Sharaf da Rabaza. Imam Malik da Imam Buhari sun kawo wasiyyarsa ga ma'aikacin da ya ɗora a kan makiyayar, mai suna Hunayyu: ya bar masu ƙananan garke su shiga, ya tsare dabbobin attajirai irin su Ibn Aufi da Ibn Affan, domin su suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da komai sai 'yan awakinsa. Wannan shi ake kira hima a fiƙihu. Ciyawa halal ce, amma shugaba ya ja mata layi don kada mai ƙarfi ya cinye rabon mai rauni da rabon na baya.

Mu ma a gida mun san wannan. A Argungu, yankin Matan Fada a rufe yake ga masunta tsawon shekara, ba a shiga sai an buɗe shi lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsaye a kan haka. Shi ya sa giwar ruwa take samun girman da ake zuwa kallo daga nesa. Wanda ya girmama iyakar Sarkin Ruwa ba shi da hujjar raina ta jami'in kula da namun daji.

Dokokin kuwa kowace da dalilinta. A Ohayo duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi zai jefa ƙugiya. Walleye na tafkin Erie da kogunansa sai ya kai tsawon inci 15 ake riƙe shi, domin a ba ƙarami damar girma ya hayayyafa. A lokacin hawan kifi a Maumee, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai ake su, kuma kifin da ƙugiya ta soke a gefe ko a wutsiya dole a mayar da shi, tunda a cunkoson da suke yi mai jan ƙugiya da ƙarfi zai iya kwasarsu ba tare da sun ci koto ba. Mai farauta a gonar wani sai da rubutaccen izinin mai ita, kuma wannan tun kafin dokar jiha Shari'a ta riga ta haramta shiga mallakar mutum ba da yardarsa ba. Adadin da aka yarda a ɗauka yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka a karanta littafin ƙa'idojin kowace shekara kafin a fita.

Kuma dabarar mutanen Asabar tana nan da ranta. Wani ya cika adadinsa da safe, ya kai mota ya ɓoye, ya dawo da yamma kamar sabon zuwa. Wani ya saya wa matarsa lasisi alhali tana gida, ya kama rabon mutum biyu. A watan Satumba na 2022, a wata gasar kamun walleye a Cleveland, aka tsaga cikin kifin wasu mutum biyu da ake shirin bai wa kyauta, sai ga dunƙulen dalma da suka cusa don ƙara nauyi. Kotu ta ɗaure su kwana goma, ta karɓe jirgin ruwansu, ta dakatar da lasisinsu shekara uku, bidiyon tonon asirin kuma ya zaga duniya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan tonon asirin duniya ke nan, a gaban 'yan kallo ƙalilan. Ina kuma ga ranar da za a tone abin da ke cikin zukata?

Ga mu baƙi akwai ƙarin nauyi. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi sai a wasu 'yan halaye, daga cikinsu mallakar lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardun zama kuwa an hana shi gaba ɗaya. Laifin bindiga yana iya rushe zaman mutum da na iyalinsa a ƙasar nan. Kada ɗalibi ya karɓi bindigar abokinsa don ɗaukar hoto kafin ya san matsayinsa.

Kafin a saki kibiya

Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Don haka abu na farko shi ne niyya: nama nake nema domin iyalina da maƙwabtana. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi, haƙƙin nasa kuwa shi ne a yanka shi a ci. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya sanar da su cewa Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara. Wanda yake son ya gwada hannunsa, ga allon bara nan a filin koyon harbi.

Hadisan Adiyyu ɗan Hatim, waɗanda Buhari da Muslim suka ruwaito, su ne ginshiƙin wannan babi. Daga cikinsu malamai suka fitar da cewa maharbi zai ambaci sunan Allah lokacin da yake sakin kibiya ko kare, kuma makamin ya zama mai hudawa ya zubar da jini, domin abin da aka kashe da bugu mushe ne. Idan ya tarar da dabbar ta faɗa ruwa ta mutu, ba zai ci ba, tunda bai san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarsa ba. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, suka yi fatawar halaccin abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa ya zubar da jini fiye da kibiya.

Idan maharbi ya iske dabbar da sauran rai tabbatacce, wajibi ne ya yanka ta. Saboda haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan farilla, kuma a kusa da hannu za ta kasance. Wajibi ne kuma ya bi sawun abin da ya harba ba tare da sakaci ba. Maharban nan suna da al'adar barin barewar da aka yi wa mugun harbi ta kwana, a nemo ta da safe. A mazhabarmu akwai magana a kan abin da ya kwana ba a same shi ba, kuma Risala ta kawo sassauci idan aka tarar da kibiyar a makasa. Haka nan naman da abokin farauta wanda ba Musulmi ba ya harbo, Imam Malik ya tsananta a kansa fiye da sauran malamai. Waɗannan mas'aloli ne da ya kamata a zauna da liman a kansu kafin lokacin farauta ya kama. Wani abin lura kuma: mahautan da ke gyara naman barewa a nan sukan haɗa shi da kitsen alade idan za su niƙa, saboda naman ba shi da mai. A faɗa musu tun farko, ko kuma mutum ya koyi fiɗa da kansa, abin da kakanninmu ba su taɓa biyan wani ya yi musu ba.

A kan dukan wannan akwai hadisin Shaddadu ɗan Ausi a Sahihu Muslim, wanda ya nuna cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wurin kisa da yanka. Kyautatawar maharbi ita ce ya ƙware kafin ya shiga daji, ya san iyakar nisan da hannunsa ke kaiwa, ya bar harbin da yake shakka. Barewar da aka fasa wa ciki ta gudu ta mutu bayan kwana biyu a cikin ƙaya, alhakinta yana wuyan wanda ya yi gaggawa. Kyautatawar masunci kuwa ita ce ya gaggauta kashe kifin da zai ci, wanda doka ta ce a mayar kuma ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, ya zare ƙugiya a hankali, ya sake shi da sauri.

Ruwan da muke sha, ƙasar da muke takawa

A nan ne sana'ata ta shigo. Ranar 2 ga Agusta, 2014, aka wayi gari an sanar da mutum kusan 400,000 a Toledo da kewayenta kada su sha ruwan famfo, kada ma su tafasa shi, domin tafasawa ƙara wa gubar ƙarfi take yi. Kwana uku aka yi a haka. Musabbabin shi ne gansakuka mai dafi da ta mamaye yammacin tafkin Erie, abin da ke ciyar da ita kuma sinadarin fosfaros ne da ruwan sama ke wankowa daga takin gonaki zuwa kogin Maumee, kogin da muke su a cikinsa. Babu manomi ɗaya da ya yi nufin sa wa birni guba. Kowa ya ƙara ɗan abin da yake ganin ba komai ba ne, tafki ya tara jimla. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta kuma ce ana ɗanɗana musu sashensa ne ko sa dawo. Dawowar tana yiwuwa. Kogin Cuyahoga na Cleveland ya kama da wuta a watan Yuni na 1969 saboda man da ke yawo a kansa. Bayan dokar tsabtace ruwa ta 1972 da aikin shekaru masu yawa, yau ana kamun kifi a cikinsa.

Namu rabon a wannan aiki ƙanana ne, amma ana rubuta su. A unguwanni da yawa magudanar ruwan sama ta bakin titi kai tsaye take zuba a rafi, ba ta bi ta matatar ruwa. Baƙin man mota da aka tuttular a ciki, da takin da aka barbaɗa wa ciyawar ƙofar gida ana gab da ruwan sama, duk a kogi suke kwana. Annabi ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan ɓata mashaya da hanya da inuwa. Zaren fatsa da aka yar a bakin ruwa yana shaƙe tsuntsaye. Itacen wuta da ake ɗauka daga wani gari zuwa sansanin hutu shi ne ya taimaka wajen yaɗa ƙwaron da aka gano kusa da Detroit a 2002, wanda ya kashe miliyoyin itatuwa a wannan yanki.

Sai dalma. Mu da muka ji abin da ya sami yaran Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400, ba ma bukatar dogon bayani. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da harsashin dalma a duk faɗin Amurka. Harsashin dalma yakan farfashe a cikin naman barewa ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, akwai kuma na tagulla a kasuwa ga mai ƙananan yara a gida. Haka ma zaiba da ke taruwa a jikin kifi: shawarar hukumomin Ohayo ita ce kada a wuce ci ɗaya a mako daga mafi yawan kifin da aka kama a ruwayen jihar, wasu wuraren ma ƙasa da haka. Mai ciki da mai shayarwa su fi kowa kiyayewa. Kifin halal ne, amma ciyar da iyali abin da zai cutar da su ba ya cikin kyautatawa.

Ƙarfi, don wa?

Daji da ruwa suna son jiki mai ƙwari. Babban namijin barewa yakan haura kilo 70, jan shi a kan tudu cikin sanyi kuwa ya sha tsayar da zuciyar mutanen da suka shekara a zaune. Faɗowa daga kujerar da ake ɗaurawa a saman bishiya yana cikin manyan abubuwan da ke raunata maharba, don haka ɗamarar tsaro da rigar hana nutsewa suna cikin riƙo da sababi, ba su kore tawakkali ba. A wurinmu injiniyoyi, gada ba a gina ta daidai nauyin da take ɗauka kullum, sai an bar mata rara saboda ranar da kaya za su yi yawa. Jiki ma haka yake. Likitoci suna ba da shawarar minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wannan rarar ita za ka ci ranar ɗawafi da sa'ayi, ranar da za ka tallabi mahaifinka zuwa banɗaki, ranar da za a nemi masu ɗaukar makara.

Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri. Amma Suratul Ƙasas ta nuna mana fuska biyu na ƙarfi a jikin mutum ɗaya. Annabi Musa, alaihis salam, ya yi naushi ɗaya rai ya fita, nan take ya koma ga Allah yana neman gafara. Da ya isa Madyana, ƙarfin nan ne ya shayar da dabbobin mata biyu da aka ture gefe a bakin rijiya, bai nemi lada ba. Da ɗayarsu ta yaba shi a gaban mahaifinta, siffa biyu ta haɗa: ƙarfi da amana. Annabinmu kuma ya karantar da cewa gwarzo na gaskiya shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ko da bai taɓa kayar da kowa a kokawa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai ɗaga ƙarfe, ka tambayi kanka don wa kake tara wannan ƙarfi. Gidan motsa jiki cike yake da madubi, riya kuwa ba ta da abokin da ya fi madubi da kyamarar waya. Ka suturta al'aurarka, ka runtse idonka, ka nisanci allurar kumbura tsoka wadda ke lalata zuciya da hanta, tana kuma iya hana haihuwa. 'Yan'uwa mata su ma jikinsu amana ne, Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, sai a taimaka musu da wuri da lokacin da ya dace da mutuncinsu. Ƙarfin da ake bukata a bakin Maumee ya wuce na dantse, shi ne wanda zai sa mutum ya naɗe zarensa ya tafi gida alhali kifi yana ci.

Daga ƙarshe

An ruwaito daga Ibn Abbas cewa mai yawan bin farauta yakan gafala. Makon farautar barewa da bindiga a Ohayo yana farawa ranar Litinin bayan hutun godiya na ƙarshen Nuwamba, ke nan akwai Juma'a a cikinsa. Lokacin da kifi ya fi ci kuma yana maƙwabtaka da Asuba da Magariba. Wanda ya dawo da sanho cike ya bar salla a daji, ya yi asara.

Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su shirya zama guda kafin kowace kaka, a gayyato liman ya karantar da babin farauta da yanka, a gayyato kuma mai koyar da darasin tsaron maharba wanda jiha ke nema kafin ba da cikakken lasisi. Masu fita su riƙa tafiya da yara, su kuma bari yaran su ga lokacin da ake auna kifi a mayar da shi ruwa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda Allah Ya ba nama ya tuna da ɗalibai da zawarawa da maƙwabcinsa ko ba Musulmi ba ne. Wanda yake da ɗan fili a bayan gida ya dasa itace, Annabi ya yi albishir cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Ya Allah, Ka sanya mu cikin masu tsoronKa a ɓoye da bayyane. Ka wadatar da mu da halal ɗinKa ga barin haram. Ka ba mu lafiya da ƙarfin da za mu yi maKa ɗa'a da su, Ka tsare 'ya'yanmu a tudu da ruwa, Ka sa mu bar ƙasar da muka baƙunta fiye da yadda muka same ta. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.